Ranar da Aka Shafe Ɗakin Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma abin da ya faru a gidanmu a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ba zai taɓa fita daga raina ba. Ba wanda ya mutu a ranar, ba a yi faɗa ba, ko murya ba a ɗaga ba. Ɗaki ne kawai aka shafe da siminti. Amma ga shi na yi furfura, kuma duk lokacin da abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar jiya aka yi.

Gidanmu yana cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, tsohon ginin ƙasa mai rufin azara. Duk wanda ya tashi a irin unguwarmu ya san ba shi kaɗai ke zaune a ɗakinsa ba. Kunama tana nan a tsagar bango, tana ƙarƙashin randa, tana cikin tarin itace. Kafin yaro ya iya alwala ya riga ya iya kakkaɓe takalmi, ya iya ɗaga tabarma ta gefe ɗaya ya leƙa. Idan zafin bazara ya tsananta, ko ruwan farko ya sauka, sai su fito kamar an yi musu gayya. Akwai duwu, baƙar nan mai girma da ban tsoro, akwai kuma ƙaramar ja wadda ba ta da kwarjini amma ita ce ke sa ƙato kuka. Ba mu ɗauki wannan a matsayin bala'i ba. Haka muka taso muka tarar, kamar yadda muka tarar da zafi da ƙarancin ruwa.

Abin da ya bambanta gidanmu da sauran gidaje shi ne kakata, mahaifiyar babana, wadda kowa ke kira Inna. A unguwa kuwa Inna mai kunama ake ce mata. Duk wanda kunama ta harba, wurinta ake kawo shi. Sai ta zaunar da mutum a bakin ƙofarta, ta ɗaure saman wurin da ƙyalle, ta yi bisimilla ta tofa, sannan ta dinga shafowa da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa tana tambaya, "Ina ya kawo yanzu?" Mutum ya ce hammata, can ya ce gwiwar hannu, can ya ce ya dawo bakin harbin. Kada ku tambaye ni ko magani ne ko natsuwarta ce ke aiki, don ni ma ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne ana shigowa da ihu, a fita ana share hawaye ana godiya.

Kowa ya san Inna ba ta kashe kunama. Idan ta ga wata a ɗakinta sai ta sa sakaina da kara ta tura ta cikin gwangwani, ta ƙwala mini kira. Ni ne jikanta na fari, saboda haka mijinta nake a wasan kaka da jika, kuma a lokacin na gama kwaleji ina zaman jiran aiki, ba ni da abin yi sai aike. "Maigidan," ta kan ce, "zo ka raka baƙuwa gida." In ɗauki gwangwanin in kai gindin tsohuwar ganuwa in juye. Ina tsokanarta in ce duk matan gari suna kiwon kaji, tawa matar kunamu take kiwo. Ta ce ai gara su da ni, su ko ba komi ba su cin tuwonta.

Akwai abu ɗaya da sai na faɗa kafin a gane sauran labarin. Babana ɗan fari ne a wurin Inna, ita kuma mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa doguwar magana. Kullum da safe zai zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Idan akwai abin da take so ya sani, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, shi kuma yana tsugune yana ji. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san ta fi sonsa a kan duk 'ya'yanta. Haka aka koya mata, haka ta riƙe.

Baba ma'aikacin gwamnati ne da ya daɗe a kujera ɗaya ba ci gaba. Da aka buga gangar siyasa, wani abokinsa na ƙuruciya ya tsaya takara ya ci, ya zama babban mutum, har ana ce masa Honorabul. Wannan mutumin a gidanmu ya yi rabin yarintarsa, tuwon Inna ya ci ya girma, kafin aiki ya kai shi Kaduna ya daɗe a can. Baba ya yi masa wahala sosai a lokacin zaɓe, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne yana sa ran za a tuna da shi. A kwanakin nan kowa a gari yana sa ran wani abu. Ko mai shayin bakin titinmu yana da wanda ya sani a sama.

Bayan an rantsar da su, Honorabul ya aiko cewa zai zo ya gaida Inna ya nemi albarka. Ya zo da la'asar, motoci suka cika lungu, magoya baya suka cika zaure. Ya shigo cikin gida da farar babbar riga, ya cire takalminsa sau-ciki a ƙofar Inna, ya zauna a tabarma kamar yadda yake yi yana yaro. Suka daɗe suna gaisawa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta tuna masa ranar da ya saci ƙuli-ƙulinta, aka yi ta dariya. Ta sa masa albarka, ta ce ya ji tsoron Allah a kan haƙƙin talakawa. Baba yana tsaye a gefe, fuskarsa cike da farin ciki.

Da ya tashi tafiya sai ya zura ƙafa cikin takalmin kai tsaye. Mutumin da aka haifa a lungun nan, amma zaman Kaduna ya mantar da shi kakkaɓe takalmi. Ƙarar da ya yi sai da ta tashi tantabarun maƙwabta. Ya yi cilli da takalmin, jar kunama ta faɗo a tsakar gida ta ɗaga ƙari, wani daga cikin mutanensa ya murƙushe ta. Inna ta kau da kai, sannan ta ce, "Zamna, miƙo ƙahwar, yanzun nan za ya sauka." Har ya fara komawa ƙasa, amma mutanensa suka hana. Suka ɗauke shi cak kamar buhun gero, hula a hannun wani, takalmi a hannun wani, sai asibiti.

Allura aka yi masa, washegari ya warke. An ce shi kansa dariya ya yi ta yi. Amma 'yan siyasa ba su bar maganar ta mutu ba. Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari cewa ba banza ba, turo kunamar aka yi. Wai me zai sa duk takalman da ke ƙofar ta zaɓi nasa? Wai ai kowa ya san a gidan akwai tsohuwar da ke ajiye kunamu tana ba su umarni, wai 'yan hamayya ne suka bi ta wurin Baba. Masu son kujerar da Baba ke hange su suka fi kowa yaɗa zancen. Ya je gidan abokin nasa aka ce yana barci, ya koma aka ce ya fita. Na ga babana ya rame a cikin 'yan kwanaki. Ba kujerar kaɗai ke cin ransa ba, jin ana kiran uwarsa mai sammu ya fi komai ƙona shi.

Wata safiya bayan ya gaishe ta bai tashi ba. Ina zaune a ciki ina shan kokon da ta rage mini. Ya ce, "Inna, ina neman izini a gyara ɗakin nan. A shahe bangon da siminti, a toshe ramukan nan, a sa sili. Mutane na ta magana, kuma ga yara na shiga suna hita." Ta ci gaba da kallon bango. Can ta juyo wurina ta ce, "Hwaɗa mashi a bar mani ɗakina." Ya ce, "Inna, ko malamai sun ce halas ne a kashe ta." Ta ce da ni, "Hwaɗa mashi na sani. Ban hana kowa ba a ɗakinshi." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba, ya tashi ya tafi ofis.

Ba a daɗe ba 'yar gwaggona ta haihu a Batagarawa, Inna ta ce za ta je ta zauna har a yi suna. Ni aka sa in raka ta. Baba da kansa ya samo mana mota, ya ce kada mu yi gaggawar dawowa, ta huta sosai. Ban kawo komai a raina ba.

A can ne, wata rana da hantsi muna zaune a gindin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa, ta yi mini maganar da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ce ƙanwar babanta ce ta ba ta wannan abu tun tana budurwa, ita ma a wurin wani ta gada, haka yake tafiya daga hannu zuwa hannu. Ta ce sharaɗinsa ba kashewa da hannu kaɗai ba ne. "Ɗakin da kake kwana, amana ce tsakaninka da su. Ba ka kashewa, ba a kashe maka su a ciki. Ran da anka zubar da su a ƙarƙashin ruhin ɗakinka, hannunka ya mutu." Na ce to Baba ya san haka? Ta harare ni ta ce, "Ni zan zamna in yi ta zuba da shi kamar wata sa'arshi?" Sannan ta ce ta duba duk zuriyarta, ni ta zaɓa, duk da rashin kunyata. In mun koma gida, ruwa ya zauna, za ta ba ni a ɗakinta, don a nan ake bayarwa. Na yi ta tsokanarta ina cewa ashe dai sadakina zai dawo, amma a cikin raina wani irin daɗi na ji wanda ban taɓa ji ba.

A lokacin ba wayar hannu. Tsakanin inda muke zaune da gidanmu tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ce. Da na san abin da ake yi a gida a daidai wannan hantsin, da ko a ƙafa na taho.

Mun dawo bayan azahar. Tun daga zaure na ji wani wari mai hawa kai, na ga buhunan siminti da aka zazzage a jingine. Muka shiga tsakar gida, sai ga ɗakin Inna ya zama wani ɗaki daban. Bango sumul, shuɗin fenti, sabuwar ƙofa, an sa sili, har da fanka. Baba yana tsaye a gefen ƙofar yana murmushi, irin murmushin yaron da ya yi abin kirki yana jiran a yaba. Ya ce, "Sannu da hanya, Inna. Na san ba ki kashe su, shi ya sa na bari sai da ba ki nan. Ba hannunki a ciki, ni na ɗauki nauyin." Ƙanwata, da ba ta san komai ba, ta ƙara da cewa da masu feshin maganin ƙwari suka gama sai da aka share kunamun da tsintsiya aka kwashe a tsohon kwano.

Na kalli Inna. Ta cire takalmanta, ta kakkaɓe su kamar kullum, ta shiga. Ta ɗora tafin hannunta a kan bangon ta shafa a hankali, daga bakin ƙofa har kusurwar da randarta take a da. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce da ni, "Hwaɗa mashi Allah shi yi albarka." Baba ya ce amin da ƙarfi, ya fita yana jin daɗi. Ni kuwa na tsaya da ƙullin kayanta a hannu, na rasa inda zan ajiye.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa mai yawa. Da yamma wata maƙwabciyarmu ta shigo a guje da 'yarta a kafaɗa, kunama ta harbe ta a yatsa wajen ɗiban itace. Yarinyar tana ta tsala ihu. Uwar ta durƙusa a ƙofar Inna kamar yadda aka saba, ta miƙo hannun yarinyar. Inna ta dube shi, ta sa hannayenta biyu a cinya ta ce, "Ku kai ta kyamis." Matar ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Inna, ni ce hwa. Don Allah ki taɓa ta." Inna ta ce, "Ba ni da shi yanzu, ɗiyata. In na taɓa ta na yaudare ki. Yi sauri ki tahi." Ni na ɗauki yarinyar na kai ta, aka yi mata allura, ta samu sauƙi. Da na dawo na tarar da Inna a inda na bar ta, hannuwanta na nan a cinya, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ran nan.

A daren ban iya cin abinci ba, da gari ya waye na sami Baba na faɗa masa duk abin da ta gaya mini a Batagarawa. Yana riƙe da hularsa zai fita aiki. Ya zauna a kan turmi, ya ce, "Mi ya hana ta hwaɗa mani? Kalma ɗaya ta isa." Shi ma ya san amsar.

Abin da ya yi bayan nan, idan na ba wasu labari dariya suke yi, ni kuwa ba na iya dariyar. Ranar wata Asabar babana, da girmansa da furfurarsa, ya tafi gindin ganuwa ya yi ta ɗaga duwatsu har ya samu kunama. Ya sako ta a gwangwanin madara ya rufe da kwali, ya zo ya tsuguna a ƙofar Inna, ga shi kuwa mutum ne mai tsoron kunama. Ya ce, "Inna, ga ta na kawo. In kin ce a hwasa simintin, yau za a hwasa. Ban sani ba, wallahi ban sani ba." Inna ta leƙa gwangwanin, har ta ɗan murmusa. Ta ce da ni, "Hwaɗa mashi shi maida ta inda ya ɗauko ta, ba ta yi mashi laihin komi ba. Ba don sun ƙare ba ne, kunama ba ta ƙarewa a garin ga. Amana ce ta karye, ba a ɗinke ta da gwangwani." Sannan ta ƙara da cewa, "Hwaɗa mashi na yahe mashi tun ran nan. Alheri ya nuhwa." Baba ya sunkuyar da kai yana kuka a gaban 'ya'yansa. Na ga hannunta ya ɗan motsa kamar za ta dafa kansa, sai ta mayar da shi ta gyara ɗankwali.

Daga baya na roƙe ta ta ba ni ko da kalmomin da take tofawa ne. Ta ce, "Maigidan, kalmomin kowa ya san su, a allo kuka karanta su. Abin da zan ba ka shi ne babu." Ban sake tambaya ba.

Ta yi 'yan shekaru a wannan ɗaki mai fanka kafin Allah ya karɓi abarsa. Ba ta yi ciwo mai tsawo ba, ba ta kuma taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Amma ƙofar da a da ba ta rabuwa da mutane ta zama shiru. A hankali aka daina ce mata Inna mai kunama, ta koma Inna kawai, tsohuwa a cikin tsofaffi. Zancen sammu ya mutu da kansa da aka samu wani sabon abin magana. Baba ya shirya da abokinsa, har an ba shi wani ɗan muƙami, amma ban taɓa jin ya ambace shi da daɗin rai ba. Har ya rasu, idan ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin nan sai ya sauke kai.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Baba mutuncin uwarsa ya so ya kare. Inna tarbiyyar da aka yi mata ta riƙe. Mutum biyu masu ƙaunar juna, suna gaisawa kowace safiya, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma magana ɗaya ta kasa tsallakawa. Abin da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu tun kafin a haifi kakannina, a gidanmu ya tsaya, saura 'yan kwanaki ya iso gare ni.

Abin da na koya shi ne, idan babba ya ce a bar masa abinsa, kada ka yi gaggawar cewa rigimar tsufa ce, ko da kuwa abin tsagar bango ne. Ka zauna ka tambayi dalili, in kunya ta hana shi faɗa maka, ka nemo wanda zai iya faɗa wa. Alherin da ba a tambayi mai shi ba yana iya raba shi da abin da ya fi so a duniya. Ni ma yanzu ina da ɗan fari, kuma mutane suna mamakin yadda nake kiran sunansa gatsal in zaunar da shi mu yi ta hira. Wasu tsofaffi sun ce na zubar da al'ada. Na yarda su faɗa, domin na ga abin da shiru ya ci a gidanmu.